Haramcin fitar da katako: me ya canza wa kafinta da masassaƙi?

A watan Disamban 2025, a wajen taron Majalisar Ƙasa kan Muhalli da aka yi a Katsina, Ministan Muhalli Balarabe Abbas Lawal ya sanar da umarnin shugaban ƙasa da ya haramta fitar da itace da dangoginsa daga Najeriya, tare da soke duk lasisin da aka riga aka bayar. Labari irin wannan yakan isa kasuwar 'yan katako da fuska biyu. Wani ya ɗauka farashin falanki zai faɗi warwas tunda an rufe masa hanyar teku. Wani kuma ya ɗauka daga yau duk wanda aka gani da katako a mota ya shiga hannu. Duka biyun ba haka abin yake ba. Waɗanda maganar ta fi shafa kuwa, wato kafintan da ke haɗa gado da kujera da hannu, da masassaƙi da baduku da maƙerin da ke samun aiki ta dalilinsa, su ne ba a cika jin sunansu a muhawarar ba.

Dokoki huɗu a kan itace guda

Ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa dokoki huɗu da kowace ke da nata hurumin.

Ta farko tsohuwa ce. Katako, gungume ne ko wanda aka yanka falanki, ya daɗe a jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana fitarwa. Abin da ake buɗewa a rufe lokaci zuwa lokaci shi ne katakon da aka ɗan sarrafa da kuma gawayi, kuma a watan Janairun 2023 gwamnatin tarayya ta sassauta hanin a kansu bisa wasu sharuɗɗa. Umarnin 2025, wanda shi ne doka ta biyu, ya zo ne ya rufe wannan ƙofa. Aikinsa a bakin iyaka yake da tashar jiragen ruwa. Bai hana kafintan Zariya sayen falanki ba, bai kuma hana tirelar katako tasowa daga Ondo zuwa Kano ba.

Ta uku ita ce yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don sa ido a kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa. Idan aka sa itace a rukuninta na biyu, ba za a tsallaka da shi wata ƙasa ba sai ƙasar da ya fito ta nuna abu biyu: an sare shi bisa doka, kuma saran ba zai kashe irinsa a daji ba. Madobiya ta shiga wannan rukuni tun farkon 2017. A taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo da sauran danginsu na Afirka, matakin ya soma aiki a watan Fabrairun 2023. Ya shafi gungume, falanki, filawud da katakon da aka soma sarrafawa. Ita ma ba ruwanta da cinikin cikin gida.

Ta huɗu ce ke taɓa ɗan ƙauye kai tsaye, wato dokar gandun daji ta jiha. In ban da manyan dazuzzukan tarayya irin su Gashaka-Gumti da Kamuku, dajin Najeriya a hannun jihohi yake. Jiha ce ke ba da izinin sare itace, malaman dajinta ke buga wa gungume hatimi, su ke ba da takardar jigila. Masassaƙin da aka kama da guntun ƙirya a kan babur wannan doka ce ta kama shi, kuma tana nan tun kafin umarnin Abuja.

Yadda madobiya ta kawo mu nan

Madobiya itace ce mai nauyi, mai jan ciki da kyan zane, wadda 'yan kasuwa ke kira kosso, a Taraba kuma ake ce mata Madrid. A ƙasar Sin akwai tsohuwar al'adar yin kujeru da tebura masu tsada da jan katako. Da irin waɗannan itatuwa suka yi ƙaranci a kudu maso gabashin Asiya, masu saye suka juyo Afirka ta Yamma, suna cinye dajin wannan ƙasa su koma ta gaba. Kafin tsakiyar shekarun 2010 Najeriya ta shiga sahun gaba wajen fitar da ita, daga Kogi zuwa Taraba da Adamawa. A 2017 ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta yi zargin cewa gungume kusan miliyan 1.4, na kimanin dala miliyan 300, sun shiga Sin da takardun da aka bayar bayan kayan sun riga sun bar Najeriya. A 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiyar Najeriya, a 2022 kuma ta faɗaɗa matakin zuwa sauran ƙasashen yankin.

Asarar ba ta tsaya ga katako ba. Ganyen madobiya da na kawo da na maɗaci su ne abincin shanun makiyaya a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Masu injin sara kuma mafi miƙewa da kauri suke zaɓa, wato iyayen da ke zubar da iri. Wannan tarihi ne ya sa gwamnati ta daina yarda da lasisi mai sharaɗi, domin an sha ganin gungume da aka ɗan feƙe gefensa huɗu ya fita da sunan katakon da aka sarrafa.

Me ke yanke farashi a Na'ibawa da Dei-Dei?

Wanda ke jiran araha ya fara duba abin da ke cikin shagon kafinta. Mafi yawan falankin da ake sayarwa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, daga Kudu da tsakiyar ƙasa yake zuwa: malaina, afara, obeche, iroko, mahogani. Kuɗinsa ya ƙunshi man dizal na injin yanka, hayar tirela ta tafiyar kusan kilomita dubu, harajin jihohi, da abin da ake ajiyewa a kowane shinge. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da umarnin ya rage.

Sauran kayan kuma akasari na waje ne. Allon MDF da HDF, wato na garin katako da aka matse da gam, mai ƙafa 4 da 8 da ake yin sif da kabad da shi, gam, fenti, makulli, hannun durowa, yadin kujera, sinadarin yin soso, duk dala ke juya su. Daga Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kayan ɗaki da filawud da ƙofofin katako samun dala a farashin gwamnati, ya janye hanin a Oktoban 2023. A tsakanin nan aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka saki naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Nan tsadar kayan ɗaki ta fito.

Abin da za a iya tsammani shi ne wasu itatuwa masu daraja da a da suke wucewa tashar Legas, kamar tik (teak) da madobiya da kawo, su ƙara bayyana a kasuwar gida. Wannan dama ce ga mai aikin katako zalla. Amma bayyanarsu ba ta nufin sun iso a shirye don aiki.

Ɗanyen katako, babbar matsalar da doka ba ta taɓa ba

Mai fitar da katako waje yana da mai saye da ke gindaya masa ma'auni. Kasuwar gida ba ta da wannan, shi ya sa akasarin falanki ɗanye yake isowa. Itacen da aka sare yanzu ruwan da ke cikinsa kan kai rabin nauyin busasshensa ko fiye. Yana zubar da ruwan har danshinsa ya sauko wajen 28 cikin ɗari ba tare da girmansa ya canza ba. Daga nan zuwa ƙasa ne yake soma tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi.

Katako yana daidaita danshinsa da iskar inda yake. A Kudu yakan tsaya wajen 15 zuwa 18 cikin ɗari. A Kano ko Sakkwato cikin hunturu yana iya sauka zuwa 5 ko 6, da damina ya hau sama da 12. Lissafin mai sauƙi ne. Mahogani yana tsukewa da kusan 0.2 cikin ɗari na faɗinsa a duk maki ɗaya na danshi da ya rasa. Saman tebur mai faɗin santimita 90 da aka haɗa da falanki mai danshi 18, idan ya sauko 6, ya rasa kusan santimita 2. In an ɗaure shi da ƙusa da gam ta kowane gefe, ba shi da wurin motsi, sai ya tsage ko ya gantsare. Wannan ne dalilin da gadon amaryar da aka jera a watan Oktoba yake fara ƙara da buɗe baki a Janairu, a ce kafinta ya yi ha'inci, alhali sau da yawa aikin hannunsa ba shi da laifi.

Busarwa ba ta buƙatar injin tsada. Ana ɗaga jerin falankin daga ƙasa da kamar santimita 40 a kan bulo, saboda gara da danshin ƙasa. Tsakanin kowane layi a sa busassun sanduna masu kaurin santimita 2, tazarar santimita 50 zuwa 60, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta, in ba haka ba falankin zai lanƙwashe. A shafe bakunan biyu da fenti mai kauri, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. A ɗora nauyi a sama, a yi rumfa. A Arewa haɗarin ba jinkirin bushewa ba ne, saurinta ne: iskar hunturu tana busar da fatar falanki alhali cikinsa jiƙe yake, sai fuskar ta yi ƙananan tsagu. Don haka makonnin farko a kare jerin daga iska da buhu ko zana. Falankin inci ɗaya yakan ɗauki wata biyu zuwa uku da rani, na inci biyu ya ninka haka har da ƙari, malaina kuma ta fi yawancinsu jinkiri. Wanda ba shi da na'urar auna danshi ya ware falanki ɗaya yana ɗora shi a sikeli duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya yi. Ga kayan da za su zauna a ɗakin Arewa, danshi 8 zuwa 10 ake nema.

Ko busasshen ma zai ci gaba da numfashi tsakanin rani da damina, saboda haka haɗin ya ba shi hanya. Allon tsakiyar ƙofa a zura shi cikin kwarmin firam ba tare da gam ba. Saman tebur a ɗaure shi da sukurori masu doguwar huda. Farin gefen falanki, wanda ƙwaro ke hudawa yana zubar da gari, a yanke shi a ajiye don abin da ba zai ɗauki nauyi ba.

Kafintoci da yawa sun san duk wannan. Abin da ke hana su shi ne jari. Uban amarya yakan kawo kafin alƙalami saura mako uku ko huɗu biki, da kuɗin za a je kasuwa, washegari a sa zarto. Kafintan da zai ajiye katakon wata uku sai mai kuɗin da zai iya kwantar da su wata uku. Rumfar busarwa ta ƙungiya, inda kowa ke zuba falanki da adashi yana ɗiban wanda ya riga ya bushe, ta fi kusa da magance wannan fiye da kowace sanarwa.

Hannayen da ke bayan kujera ɗaya

Masassaƙi ya riga kafinta a ƙasar Hausa da nisa. Da gatari da gizago yake fitar da abu daga gungume guda ba haɗi: turmi da taɓarya daga ƙirya, allon karatu daga aduwa, gangar jikin kalangu daga alilliba, kujerar tsugunno, akushi, muciya, ƙotar fartanya. Roba da silba sun cinye rabin kasuwarsa. Rashin tsaro ya raba shi da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari, masu gawayi kuma suna rige-rigen ƙirya da shi. Turmi yana bukatar kututture mai kauri, kuma irinsa ne ya fi wuyar samu yanzu.

Nan shagon kafinta yake da amfani gare shi. Zanen da zai sassaƙa a allon kan gado ko fuskar ƙofa falanki ɗaya yake ci, ba itace sukutum ba, kuma ladansa ya fi na turmi. Masassaƙan Bida, da aka sani da ƙofofi masu zane da kujeru masu ƙafafu da yawa, sun nuna tun tuni cewa sassaƙa tana iya zama ado mai tsada. Haka baduku zai rufe mazauni da fata, masaƙi da marini su ba da abin lulluɓe kushin, maƙeri ya ƙera maratayi da hannaye.

Inda wannan haɗin gwiwa ke lalacewa sananne ne. Masassaƙi da ido yake aiki, kafinta da tef. Mafita ita ce kafinta ya gama yanka da huda mahaɗai tukuna, sannan ya miƙa busasshen allon da iyakar zane a jiki, a bar santimita 3 a gefe, zurfin sassaƙa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin allon. Fatar jar akuyar Sakkwato laushi gare ta da kyau, amma ƙarama ce kuma sirirya, ta dace da fuskar kushin. Mazaunin da zai ɗauki nauyin mutum sai kirgin saniya. Yadin da aka rina da baba, irin na Ƙofar Mata, yana zuba a farar riga in ba a wanke shi sosai ba. Saƙi yana buɗewa ta wajen ɗinki sai an yi masa shafi ta ciki. Baƙin ƙarfe kuma, in ya haɗu da danshi a jikin wasu katakai, yakan bar baƙin tabo kewaye da ƙusa, shi ya sa tagulla ta fi dacewa.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi duka kashe zumunci. A yawancin shaguna mai sassaƙa ne ake biya a ƙarshe, bayan mai kaya ya cika, kuma sunansa ba ya zuwa kunnen mai saye. Shagon da ke biyan rabi tun farko, yake faɗa wa mai saye wanda ya yi zanen, yake kuma ba masassaƙa guntayen katakonsa su yi faranti da firam da akwatin turare, shi ne ke riƙe gwanaye. Tallafin da ke ɗorewa a wannan sana'a oda ce da ba ta yankewa.

Masu goyon baya da masu suka

Masu kare muhalli da jami'an gwamnati suna cewa lasisi mai sharaɗi ya gaza, kuma hani na gaba ɗaya ya fi sauƙin tsarewa: jami'in kwastan ba ya bukatar tantance irin itace ko matakin sarrafa shi. Tarihin madobiya yana bayansu.

Masu fitar da kaya suna da tasu hujjar. Tik da malaina ba na daji ba ne, shuka su aka yi, kamar gandun Nimbia a Kaduna da na Omo a Ogun. Wanda ya zuba kuɗi ya shuka itace don kasuwar waje, in aka rufe ta rana ɗaya, gobe ba zai sake shukawa ba. Suna kuma cewa hani yakan mayar da ciniki hannun 'yan fasa-ƙwauri, gwamnati ta rasa haraji, dajin kuma bai tsira ba. Akwai ƙarin gaskiya guda: yawancin itacen da ake sarewa a Najeriya a murhun gida da buhun gawayin da ake ƙonawa a cikin ƙasa yake ƙarewa, ga noma da ke cin daji, kuma umarnin bai shafi waɗannan ba.

Ɓangarorin biyu suna kawo misalin Gabon, wadda ta hana fitar da gungume a 2010. Da farko kuɗin shiga ya ragu. Daga baya masana'antun sarrafa katako suka bunƙasa, musamman a yankin masana'antu na Nkok. Sai dai Gabon gungume ta hana, ta bar wanda aka sarrafa yana fita, ta kuma tanadi wuta da hanya da injin busarwa. Bambancin da ke tsakanin matakin nata da na Najeriya ke nan, kuma shi ne wurin da hujjar masu suka ta fi ƙarfi.

Abin da talaka zai gani

Mai haɗa kayan ɗakin 'yarsa kada ya sa ran ragi saboda wannan doka. Abin da ke hannunsa shi ne lokaci da tambaya. Ya ba da aiki wata uku kafin biki, ya sa a rubuta irin katakon kowane sashe a takardar ciniki, ya leƙa bayan gado da ƙarƙashin kujera inda fenti bai kai ba. MDF ba aibu ba ne a ƙofar sif, amma in ya sha ruwan wanke ɗaki yana kumbura ba ya komawa, kuma ba ya riƙe sukuru in an kwance an sake ɗaurawa, abin da mai zaman haya zai yi ta yi.

A kan iyaka tasirin zai fi fitowa. Nijar ba ta da dajin katako, kafintocin Maraɗi da Damagaram da na kasuwar Katako a Yamai da falankin ƙasashen kudu suke aiki, wani kaso daga Najeriya. Duk tsanantawa a Jibiya ko Maigatari zai bayyana a farashinsu. Kafintan Kano ko Katsina mai abokan ciniki a can ya nemi bayanin kwastan a rubuce kafin ya loda gado ko ƙofa, domin iyakar abin da ake kira dangogin itace a hannun jami'in da ke bakin shinge take.

Ga manomi da masassaƙin ƙauye kuwa, tambayar ita ce wa ya mallaki itacen da ke gona. A Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture yana girma a gonakinsu, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa shi ne sanin cewa itacen da suka kula da shi nasu ne, kuma a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar musu da wannan haƙƙi. A Najeriya wannan hukunci na jihohi ne. Malaina tana kai girman yanka cikin shekara 10 zuwa 15 inda ruwa ya wadata, maɗaci da madobiya sai an yi gomman shekaru. Jihar da ta yi rajistar itacen da mutum ya shuka, ta ba shi izinin sara mai sauƙi ba tare da ya bi ta hannun dillali ba, ita ce kafintocinta za su samu falanki mai takarda kusa da gida, ba sai sun jira tirela daga Ondo ba.